Sunan da ya maƙale a faifan Alhaji Gado

Masta Fuseini ya ce in zauna in rubuta muku wannan tun da zafinsa, wai in na bari na huce zan gyara labarin in mai da kaina jaruma. To ga ni na zauna. Yau sati uku da dawowata daga Bawku, kuma har yanzu in na ga soket mai rami ashirin da biyar sai dariya ta ƙwace mini, in yi ta yi har Masta ya ce in fita waje in ƙarasa. Ku da kuka shigo shagon nan watan jiya kuna cewa gyaran kwamfuta ai kwance sukuru ne da hura ƙura, da ku nake.

Sunana Memuna. A zangon Salaga aka haife ni, a can na gama sakandare. Shekarar da aka yi tashin hankali muka ɗauki abin da hannu zai iya ɗauka muka bar gari, muka yi watanni a Tamale, daga baya na dawo Yendi wurin ƙanwar babana. Koyon buga tafireta ya kawo ni shagon da ke jikin namu. Wata rana Masta ya leƙo yana neman wanda zai karanta masa ƙananan rubutun da ke bayan wani faifan kwamfuta, don tabaransa ya fashe. Na karanta masa. Washegari ma ya leƙo. A rana ta uku ya ce wa madam ɗina, "Yarinyar nan ɓata ta kike yi." Madam ta ce, "Ɗauke ta, dama surutu ya yi mata yawa." Haka na tsallako.

Masta da gyaran rediyo ya fara, sannan ya yi shekaru a Tema yana kula da na'urorin wani ofis, ya dawo gida da akwatin kayan aiki da kuma taurin kai. Wata shida na yi bai bar ni na sa hannu a cikin kwamfuta ba. Littafi ya ba ni mai layi-layi. Duk faifan da ya shigo shagon nan sai in kifa shi, in zana cikinsa, in zana haƙoran da ke gindinsa ɗaya bayan ɗaya, in rubuta aikin kowane. Na yi ƙorafi har na gaji. Na ce ni ba zane na zo koyo ba. Ya ce, "Zana dai." Bayan wata shida ya ba ni jakata: mitar auna wuta mai allura, hantsaki, sukudireba biyu, buroshi, da wani ɗan gwangwanin man shafawa da ya zuba mini hula uku a ciki. Ƙarfen narka dalma kuwa ya ce sai baɗi.

Bari in faɗa muku mece ce hula, don a kanta komai ya tsaya. Kwamfutocin da ake kawo mana daga ofisoshin ƙungiyoyi, da yawansu faifansu irin wanda ake kira sikazi ne. Akwai kati da ke soke a cikin kwamfuta, shi ke ba da umarni. Akwai faifai, inda ake ajiye komai. Tsakaninsu kebul ne mai faɗi kamar ɗamara, waya hamsin a jere, gefe ɗaya ja. Saƙo na gudu a kan kebul ɗin, in ya kai ƙarshe bai tarar da abin da zai shanye shi ba sai ya dawo baya ya yi karo da mai zuwa, kamar ka yi magana a ɗakin da aka kwashe wa kaya. Shi ya sa ake sa taminato a kowane ƙarshe, shi ke shanye saƙon. Wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne taminato ma da wuta yake aiki, folt biyar, kuma a waya ta ashirin da shida wutar ke bi. Dole wani a kan layin ya ba da ita. Galibi kati ne, ta cikin wani ɗan fis da bai fi ƙwayar shinkafa ba, wanda ke ƙonewa in wuta ta wuce kima. Amma faifai ma zai iya bayarwa in ka sa masa hula a inda ya dace. Hula ɗan baƙin roba ne da ƙarfe a ciki, ana kifa shi a kan haƙora biyu ya haɗa su. Bai kai ƙwayar wake ba. In ya faɗi ƙasa sai dai ka yi salati.

A Kpandai na fara ganin wannan da idona, a ofishin wata ƙungiyar manoman doya. Akawun ya tarbe mu yana cewa kwamfutarsa ba ta son kaɗaici. Akwai wani ƙaramin akwati a gefenta, na ajiyar kaset, wanda ba ya ma amfani da shi. In ya kunna akwatin sai ta tashi lafiya lau. In bai kunna ba sai ta ce ba ta ga faifai ba. Mutum biyu sun duba sun ce faifan ne ya tsufa, a sayo sabo. Masta ya miƙo mini mita.

"Auna ashirin da shida, akwati a kashe."

Allura ta kwanta.

"Kunna akwatin."

Allura ta miƙe, ta tsaya dab da biyar.

"To wa ke ciyar da taminato?"

"Akwatin, Masta."

"Kati fa?"

"Fis ɗinsa ya tafi."

Ya canza fis ɗin, muka ci sakwara, muka hau babur. A hanya yana ɗaga murya saboda iska: "Kafin ki ce faifai ya mutu, auna ashirin da shida! Kin ji ko?" Na ce na ji. Ƙura ma na shiga bakina.

Aikin Bawku kuwa direban lori ne ya kawo saƙonsa. Alhaji Gado na neman Masta ya zo da firinta, kafin safiyar Alhamis, ko ana ha maza ha mata. Masta kuwa kun dai gan shi a lokacin, kurkunu ya fito masa a idon sawu, yana kwance a benci ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Ya dube ni ya dubi ƙafarsa. Ya ce, "Soka kebul ne kawai da buga takarda ɗaya. Ko akuya za ta iya." Na ce, "To aika akuyar mana, Masta." Ya jefe ni da silifa.

Alhaji Gado mutumin Salaga ne, gidansu ba nisa da namu, jikan wani madugun goro. Madugun, a tafiyarsa ta ƙarshe daga Kano, ya rubuta sunan duk wanda ya biyo ayarinsa, maza a sama, mata a ƙasa, kowa da kayan da ya ɗauka. Ya yi wasiyya cewa kada sunan ko ɗaya ya ɓace. Tun daga nan duk jaririn da aka haifa a zuriyar, ba a zaɓa masa suna. Ana buɗe takardar ne a ba shi na gaba a layi. Ɗan Alhaji, Sanusi, da ke zaune a Jamus, ya taɓa zuwa hutu da kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takarda, ya ɗauki hoton duk takardun kakansu ya zuba a faifai, ya koma ya bar kwamfutar. Shekara na zagayowa aka yi tashin hankalin nan. Ɗakin takardun ya ƙone ƙurmus da na'urar ɗaukar hoton a ciki. Kwamfutar ce kawai aka fitar, aka naɗe ta a zannuwa aka ɗora a kan lorin doya har Bawku, gidan 'yar Alhaji, Hajiya Asabe. Bara Masta ya je ya tayar da ita. Babu wani kwafi ko'ina a duniya. Yanzu ga jikar Hajiya Asabe an haifa, mace, ta farko tun bayan barin Salaga, kuma suna ranar Alhamis.

Laraba da asuba na hau lori ta hanyar Gambaga, firinta a cinya kamar jariri. Duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga ta sama. Wata mata mai kwandon kaji ta tambaye ni ko keken ɗinki ne. Na ce e, na ɗinka takarda. Ta ce Allah ya kawo ciniki.

Ana kiran azahar na shiga gidan. Tsakar gida cike da mata, masu daka na yi, masu tankaɗe na yi, ga rago ɗaure a gindin bishiya. Alhaji na zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki. Da na durƙusa na faɗi sunan babana sai ya kama dariya.

"Jikar Malam Bawa ce? Kai! Kakanki ya taɓa cinye mini goro ƙwarya guda yana cewa ɗanɗanawa yake. Tashi, jikata, tashi. Ina Mastan naki?"

"Kurkunu ya kwantar da shi, Baba Alhaji."

"Allah ya sawwaƙe. Ke za ki iya?"

"Zan iya."

Da ƙarfi ma na faɗa.

Kafin in ajiye jaka Hajiya Asabe ta ja ni gefe. "'Yata, ba wani dogon aiki ba ne. A takardar, bayan Rabi da muka raɗa ƙarshe a Salaga, Hawa ce. Ki buga kawai Gwaggo ta gani da idonta." Gwaggo Lami, ƙanwar Alhaji, tana bayanmu riƙe da rariya. "Hawa a ina? Zainabu ce. Ni da na yi shekara sittin ina jin ana karanta takardar nan." Na tambayi Alhaji shi me ya tuna. Ya ce, "Wa zai haddace abin da ke kwance a akwati? Ai shi ya sa aka rubuta."

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne wurin. Kwamfutar ba a kan tebur take ba. Hajiya ta ba ta wuri mafi daraja a ɗakin, cikin kabad ɗinta mai gilashi, a tsakiyar kwanukan aurenta. Jere a dama, jere a hagu, jere a sama har kusan rufi, an ɗora su ƙarami kan babba, kowane na sheƙi. An huda bayan kabad ɗin an zuro wayar wuta. Haka ake kunna ta a wurin, in baƙi sun zo a nuna musu rubutun Madugu a fuskarta, a kashe, a rufa mata mayafi. Amma Alhaji ya ce ba zai raɗa wa jaririya suna daga gilashi ba, sai takarda a hannu kamar yadda ubansa ya yi, kuma ya hana kowa kunna ta kafin mai firinta ya iso, don gardamar ta ƙare gaba ɗaya.

In zan ga bayan kwamfutar sai an sauke kwanuka aƙalla talatin. Ni baƙuwa, ko ruwan gidan ban gama sha ba, in buɗe baki in ce wa Hajiya ta rushe jerenta ana gobe suna? Kunya ta hana ni. Na kunna kwamfutar tukuna, ta tashi lafiya, na kashe. Sai na zura hannu ta saman kwanukan, na lallaɓa baya da yatsa, na ji soket mai faɗi mai layi biyu na ramuka. Na ce ga shi. Na soka kebul ɗin firinta, ya shige daidai kamar don shi aka yi. Na kunna.

Wani ɗan sauti na ji, ƙas, kamar an taka ƙwayar gero. Fuskar kwamfuta ta kawo rubutun kati yana neman faifai. Ya nema. Ya nema. Sai ya ce bai ga kowa ba.

Na kashe na kunna. Bai ga kowa ba.

A nan ne abin ya faɗo mini. Soket biyu ne a bayan irin wannan kwamfutar masu rami ashirin da biyar, kamarsu ɗaya sak. Ɗaya na firinta. Ɗayan na katin sikazi ne, inda na'urar Sanusi ke shiga a da. A wannan na katin, rami na ƙarshe wutar taminato ce. A kebul ɗin firinta kuwa haƙorin ƙarshe kai tsaye ƙasa yake zubar da wuta. Na zana wannan a littafina da hannuna, har na ja masa layi biyu. Na zura hannu a hankali na zare kebul ɗin, na ɓoye shi a bayana kamar wadda ta saci nama.

"Ya fito?" in ji Hajiya daga ƙofa.

"Tana ɗan... tana ɗumi tukuna."

"A da ba ta ɗumi," in ji Gwaggo Lami.

Kafin minti goma labari ya gama gidan cewa kwamfuta ta mutu da sunan jaririya a ciki. Aka daina daka. Wata ta fara salati. Alhaji ya taso da sandarsa ya tsaya a kaina yana kallon gilashin. Sai ga maƙwabcinsu an kirawo, Ticha Moro, wanda ke koyarwa a makarantar firamare yana kuma gyaran agogon bango da rediyo mai kaset. Mutumin kirki ne, har ga Allah, da gudu ya zo da sukudirebansa a aljihu. Shi bai ji kunyar kowa ba, nan take ya sa aka sauke kwanukan, aka fito da kwamfutar aka ɗora a kan tabarma. Na buɗe murfin. Ya kara kunne a jikin faifai.

"Yana juyawa. Amma ƙura ya cika shi. Daga Salaga har nan a kan lori? Sista, matsa. Zan buɗe shi in hura, in goge da ɗan kananzir. Kaset ma haka nake masa."

Ku sani, in ba ku sani ba: faifai ba a buɗe shi. Ƙura ɗaya in ta sauka a ciki, shi ke nan, sai dai a yi ta'aziyya. Na ce, "Ticha, don Allah kada ka buɗe."

"To me ya same shi?"

"Ba faifan ba ne."

"In ba shi ba ne, mene ne? Ɗazu-ɗazun nan lafiya yake. Kin taɓa wani abu?"

Na kau da kai ina kallon kwanuka. Ya sa sukudireba a kan sukurun farko. Hajiya ta ce, "Bar shi ya gwada mana, 'yata, ai ya girme ki." Na ga sukurun ya fara juyawa. Ban san lokacin da na kifa tafin hannuna a kan faifan ba, har bakin sukudireban ya karce ni.

"Ni ce! Ni na ƙona fis! Na soka firinta a ramin da ba nata ba don na ji kunyar in ce a sauke kwanuka. Faifan lafiyarsa ƙalau, yunwa kawai taminato ke ji!"

Can Gwaggo Lami ta ce, "Wane ne kuma Taminato?"

Wallahi a nan dariyar ta fara kama ni, hawaye na zuba, ina dariya, hannuna na jini. Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya.

"Malam Moro, cire ƙarfenka. Jikata, abin da kika ƙona, takardar na cikinsa?"

"A'a, Baba Alhaji."

"Za ki iya nuna mini, ko faɗa kawai kike yi?"

Na ɗauko mita. Na kunna kwamfutar, na ɗora tsinke ɗaya a jikin ƙarfe, ɗaya a kan ashirin da shida, na ƙirga sau uku don kada in sake kuskure. Allura ta kwanta. Na ce, "Nan ya kamata ta miƙe ta kai biyar. In na sa ta miƙe, faifan zai dawo." Ticha Moro ya sunkuya ya duba, ya ce, "Hmm. Gaskiya babu wuta." Na kashe, na auna ɗan fis ɗin da ke kan kati, shi ma shiru. Ticha ya ce a naɗa masa zaren waya a tsallake shi, yadda ake yi wa rediyo. Na ce in aka yi haka, ranar da wani ya sake irin kuskurena katin ne gaba ɗaya zai tafi. Ya ce, "Wa zai sake irin wannan?" Na ce, "Ni." Ya yi dariya ya mai da sukudirebansa aljihu.

Ba ni da fis, ba ni da ƙarfen dalma. Amma na tuna akwatin Kpandai. In akwati zai iya ciyar da layi, faifai ma zai iya. Na kwance faifan daga mazauninsa na kifa shi. Takardar da ke manne a bayansa, mai nuna aikin haƙora, ruwa ya taɓa ta a tafiyar lorin nan, ta koɗe fes. Na buɗe littafina ina juya shafi, shafi na manne wa yatsa. Can kusan ƙarshe na same shi, irinsa sak, wanda na zana daga kwamfutar wani asibiti ina ƙunƙuni. Haƙora huɗu ne na wuta. Hula ɗaya a kwance, yadda take a lokacin, na nufin faifai na jiran wuta daga kebul. Hula biyu a tsaye na nufin faifai zai ciyar da nasa taminaton ya kuma aika wa kati. Ina da ɗaya a wurin. Saura ɗaya.

Na ɗauko gwangwanina. Murfin ya ƙi. Na matsa da ƙarfi, ya buɗe gaba ɗaya, hula uku suka yi tsalle. Na ji saukarsu, ban ga inda suka nufa ba. Ga ƙasan ɗakin duk gero ne da mata suka shigo da shi a ƙafa.

"Me ya faɗi?" in ji Hajiya.

"Hula."

"Hular wa?"

Na nuna mata ta kan faifan. Ta duba ta duba. "Wannan ƙwaron? A kansa muke tsaye?"

"Kowa ya tsaya inda yake!" in ji Gwaggo Lami. "Kada wadda ta ɗaga ƙafa." Ta karɓi tsintsiya ta share ɗakin tun daga lungu, tana zagaya ƙafafun mutane, har ta sa Alhaji ya ɗaga sandarsa. Ta tara sharar a rariyarta ta fita haske tana kaɗawa. Muka bi ta duka. Ƙasa ta zube, gero ya zube, ya rage tsakuwa biyu, maɓallin riga, ɗan kunnen da Hajiya ta ce tun azumi take nema, da hula ɗaya. Sauran biyun har yau suna Bawku.

Na kama ta da hantsaki. Sau biyu tana kuɓucewa a kan tabarma, mata na cewa "Wayyo!" tare kamar an koya musu. A na uku Ticha Moro ya riƙe mini faifan, Hajiya ta riƙe mini gwiwar hannu, na kifa ta ta zauna. Na juya ɗayar ta tsaya. Na duba littafi, na duba faifai, na sake duba littafi. Na mayar da kebul, gefen ja a wurinsa. Na leƙa bayan kwamfutar da idona biyu na tabbata babu komai a soket ɗin kati. Na ce bismillahi na kunna.

Allura ta miƙe. Ta tsaya dab da biyar.

Kati ya nema, sai ga sunan faifai ya fito a gilashi. Guɗar da Hajiya ta rangaɗa sai da ragon ya tsinke igiya.

Na soka firinta a nata ramin, wannan karon Ticha na haska mini da tocila kuma mutum huɗu na shaida. Alhaji ya sa aka rufa wa gilashin mayafi, ni kaɗai nake leƙawa ta ƙasa, ni kuwa ajamina bai kai in karanta hannun Madugu ba. Firinta ta fara ƙara, ƙiii, ƙiii, layi ɗaya bayan ɗaya. Kun san yadda take da hoto, sai ka yi alwala ka dawo ba ta kai rabi ba. Bismilla ta fito. Sunayen maza suka fara fitowa, Alhaji na bin su da yatsa yana gaishe su kamar suna shigowa ɗakin. Aka kira la'asar muna wurin. Aka je aka yi aka dawo, tana kan maza.

"Hawa," in ji Hajiya.

"Zainabu," in ji Gwaggo. "In ba ita ba ce ki karɓe rariyar nan."

Mata suka fara fitowa. Yatsan Alhaji ya tsaya. "Ga Rabi, mai ɗaukar turmi." Layin da ke ƙasa ya fito rabi, kawunan baƙaƙe kawai. Firinta ta koma, ta dawo. Alhaji ya kusantar da fuskarsa har gemunsa na taɓa takardar.

"Kubura," ya ce. "Kubura, mai ɗaukar kanwa."

"Ai na faɗa!" in ji Hajiya.

"Ke kika faɗa? Ni tun jiya yake bakina!"

Alhaji bai ji su ba. Ya zauna a ƙasa da takardar a cinya, yana shafa ta da bayan hannu.

Da safe aka raɗa wa yarinya suna Kubura, aka yanka ragon da aka kamo a bayan masallaci. Na buga takardar sau uku, ɗaya ta zauna, ɗaya za a kai Salaga, ɗaya a aika wa Sanusi. Na karɓi jan farcen wata amarya na shafa wa soket ɗin kati ja, na ce wa Hajiya duk wanda ya kusanci jan nan ta buge masa hannu. Kwamfutar kuwa an sama mata tebur.

Ina ɗaure firinta zan tafi tasha Alhaji ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da tawada da alƙalamin kara, takardar a kan allo. Ya ce, "Madugu duk wanda ya ɗauki kaya a tafiyar nan ya rubuta shi. Tafiyar kuwa ashe ba ta ƙare ba." Ya tsoma alƙalami ya yi rubutu a can ƙasa, bayan sunan mace ta ƙarshe, a duka ukun. Sannan ya karanta mini: "Memuna jikar Bawa, mai ɗaukar na'ura, wadda ta ɓata ta faɗa da bakinta."

Na ce, "Baba Alhaji, ba za a cire na ƙarshen nan ba?"

Ya ce, "Shi ne ma dalilin rubutun."

Da na dawo na ba Masta labari ya yi dariya har tsinken kurkununsa ya kusa kwancewa, sannan ya ce wata mai zuwa zan koma Bawku da fis da ƙarfen dalma, in gyara abin da na ƙona da hannuna. Ya cika mini gwangwanina, ya ce wannan karon in riƙa buɗe shi a cikin kwano.

To ku masu cewa abin da sauƙi, gobe kowa ya zo da littafi mai layi-layi. Kuma in an kai ku gidan da kwamfuta ke cikin kabad, ku gaida mai gida, ku sha ruwa, ku ce a sauke kwanuka. Ni na ƙirga layukan a gaban Alhaji, na sake ƙirgawa kafin in tafi tasha: saura mata goma sha ɗaya a haifa a gidan Alhaji Gado kafin a zo kaina a raɗa wa wata Memuna, kuma ranar sunan, a gaban liman da kowa da kowa, sai an karanta abin da na yi.